Babban kifi ko ƙaramin kifi: wanne zaka saya in maganar zaiba ake yi?

Wata 'yar uwa ce mai juna biyu ta tambaye ni kwanaki, wai ta ji ana cewa kifin teku yana da guba, shin ta daina ci ne gaba ɗaya har sai ta haihu ko yaya? Na ce mata a'a kar ki daina, in kika daina kin yi gudun gara kin faɗa gidan zago, domin abin da jaririn ke samu a jikin kifi ba ƙarami bane. Amma fa kifi suna suka tara, akwai wanda zaki ci kullum babu komai, akwai kuma wanda yanka ɗaya tak ya wuce abin da ya kamata ya shiga jikinki a sati guda. To tunda na yi mata bayanin da baki na ga gara in rubuta shi yadda kowa zai iya zaɓa da kansa.

Gubar da ake magana ita ce zaiba, wato makuri, wannan ƙarfen mai kama da ruwan azurfa da ake gani a tsohon ma'aunin zafin jiki. Ba kifin ne ke yin ta ba. Daga sama take saukowa galibi, hayaƙin kwal da ake ƙonawa a tashoshin lantarki, masana'antun siminti da na narkar da ƙarfe, sai kuma babban cikinsu wato ƙananan masu haƙar zinare da ke cakuɗa zaiba da ƙasa don ta kama zinaren sannan su ƙona dunƙulen zaibar ta tashi a iska. Rahoton hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya na 2018 ya ƙiyasta cewa a 2015 ɗan Adam ya saki kusan tan 2,220 na zaiba a iska, kuma wajen kashi 38 cikin ɗari daga haƙar zinaren nan ne. Yawancin wannan haƙar kuwa a ƙasashen zafi ake yin ta, Kudancin Amurka da Afirka da kudu maso gabashin Asiya, shi ya sa in ana maganar kifin tekunan zafi dole a sako ta.

Zaibar da ta sauka a ruwa a haka ba ita ce babbar matsalar ba. Sai wasu ƙwayoyin bakteriya da ke zaune a laka da kuma cikin ruwan da iskar oksijin ta yi ƙaranci sun juya ta ta koma wani nau'i da ake kira metilmakuri, to wannan shi ne mugun, domin in ka ci shi hanjinka yana tsotse kusan kashi 95 cikin ɗari, ya shiga jini, ya ratsa har ƙwaƙwalwa, ya kuma ratsa mabiyiya ya isa ga jaririn da ke ciki. Ƙananan halittun ruwa da ido baya gani su ɗauka, ƙaramin kifi ya cinye su, matsakaici ya cinye ƙarami, babba ya cinye matsakaici, kuma kowane ɗaya yana riƙe abin da ya haɗiya baya fitarwa sai kaɗan. Da yayyafi kogi kan cika. Kifin da ya shekara ashirin yana cin 'yan uwansa ya tara na dubban kifaye a tsokarsa.

Kaga kenan tambayoyi biyu ne ke raba kifi, me yake ci, kuma shekara nawa ya yi yana ci.

Bari in kawo lambobi don kar ya zama surutu kawai. Hukumar abinci da magunguna ta Amurka, FDA, ta daɗe tana auna kifin da ake sayarwa a kasuwanninta, kuma ana lissafin ne da ppm, ma'ana maikirogiram (kashi ɗaya cikin miliyan na giram) nawa ne na zaiba a kowane giram ɗaya na tsoka. Kifin shak, wannan babban mafaraucin teku mai kaifin haƙora, matsakaicinsa wajen 0.98. Kifi mai takobi, wannan mai dogon baki kamar mashi, wajen 1.0. Sarkin makarel 0.73. Tuna mai babban ido 0.69. Malin, shima babban kifi mai dogon baki, wajen 0.49. Yanzu dubi ɗaya ɓangaren, sadin 0.013, ancobi wanda shima ɗan ƙaramin kifi ne 0.016, karfasa 0.013, tarwada 0.024, jatan lande 0.009. Ka sake duba sifilin da ke bayan ɗigon da kyau, domin tsakanin sadin da shak ba ninki biyu bane ko biyar, ninki saba'in ne da ɗoriya.

To nawa ne jiki zai iya ɗauka? Kwamitin ƙwararru na haɗin gwiwar hukumar lafiya ta duniya WHO da hukumar abinci da noma FAO a 2003 ya sa iyakar maikirogiram 1.6 ga kowane kilo na nauyin jikin mutum a sati. Turai ta sa 1.3 a 2012. Hukumar muhalli ta Amurka ta fi tsanani, 0.1 a rana, wato 0.7 a sati. Mu ɗauki mace mai kilo 60. A lissafin WHO rabonta na sati 96 ne, a na Amurka 42. In ta ci yankan shak mai giram 150, wanda bai fi tafin hannu da ɗan abu ba, ta sha wajen 147 a zama ɗaya, ta wuce duka iyakokin biyu tun ranar farko ta satin. In sadin ta ci daidai wannan nauyin, 2 kacal. Kafin ta kai 96 da sadin sai ta cinye sama da kilo bakwai a sati ɗaya, wanda ko da gasa ake yi ba zata iya ba. Yaro mai kilo 15 kuwa rabonsa 24 ne a sati a lissafin WHO, ɗan guntun shak na giram 50 da zaka gutsura masa daga farantinka ya ninka wannan sau biyu. Wannan na yaran shi ne mutane basu cika lura da shi ba, muna ganin ai ɗan kaɗan ne muka ba shi, alhali jikin nasa ma ɗan kaɗan ne.

Inda aka fi ruɗewa gaskiya wajen tuna ne, kuma nan zan ɗan tsaya, domin kalmar tuna ba kifi ɗaya take nufi ba, dangi ne guda, kuma bambancin da ke tsakaninsu ya isa ya canza shawara. Akwai sikifjak, ƙaramin cikinsu mai ratsi-ratsi a ciki, yana girma da sauri, yana balaga cikin kamar shekara guda, kuma galibi ana kama shi yana ƙarami. Shi ne mafi yawan abin da ke cikin gwangwanin tuna mai ɗan duhun tsoka, kuma awon irin wannan gwangwanin wajen 0.13 ne. Giram 150 zai baka kamar 19, kaga mai cikin nan zata iya ci sau biyu a sati bata taɓa ko iyakar Amurka ba. Sai albako, wanda ake sayarwa a matsayin farin tuna, ya fi kyan gani ya fi laushi kuma yawanci ya fi tsada, amma awonsa wajen 0.35, kusan ninki uku. Tuna mai rawayar fiffike, wato yalofin, shima wajen 0.35 ne, giram 150 ya kai 53. Sai mai babban ido da na ambata a sama, giram 150 nasa ya haura 100. Abin dariyar shi ne yadda kuɗinka ke ƙaruwa haka zaibar ke ƙaruwa, wanda ya sayi mai arha shi ya fi tsira.

Me ya sa mai babban ido ya fi yalofin alhali girmansu kusan ɗaya kuma a teku ɗaya suke? Amsar tana cikin sunansa. Idon nan babba na farauta ne a cikin duhu, da rana yana nutsawa ɗaruruwan mita ƙasa yana cin abin da ke can. Masu bincike a tekun da ke kewaye da Hawayi sun nuna cewa kifin da ke kiwo a zurfi ya fi tara zaiba a kan wanda ke kiwo a sama, saboda a saman ruwa hasken rana yana wargaza metilmakuri, a can ƙasa kuwa inda oksijin ya ragu nan bakteriya ke ƙera shi kuma babu rana da zata lalata shi. Shi ma mai takobi haka yake, mazaunin zurfi ne da rana. Don haka bayan abin da yake ci da shekarunsa, akwai tambaya ta uku, a wane zurfi yake neman abinci. Ba zaka iya tambayar mai sayarwa wannan ba tabbas, amma in ka san sunan kifin ka riga ka san amsar.

Makarel ma akwai tarko a sunansa. Makarel na Atilantika, ƙaramin nan mai mai da zanen baƙi a baya, awonsa 0.05 ne kuma yana cikin kifayen da suka fi kowa amfani. Sarkin makarel kuwa, dogon nan na ruwan ɗumi da kan wuce mita, yana cikin jerin waɗanda aka ce mai ciki da yara su guje wa kwata-kwata. Suna ɗaya, amma tsakaninsu kamar sama da ƙasa. In ka ga an yanka makarel ƙwarya-ƙwarya kowane yanka ya kai faɗin faranti, to ba ƙaramin bane.

A tsakiya akwai kifayen duwatsun murjani irin su gurufa da sinafa. Sinafa wajen 0.17, gurufa wajen 0.45, kuma a cikinsu girma yana aiki sosai, ƙaramin gurufa da tsoho mai kilo talatin ba abu ɗaya bane ko da a wuri ɗaya aka kamo su. Ni in za a ajiye min guda biyu iri ɗaya zan ɗauki ƙaramin, ko da kuwa ƙaya ta fi yawa. Akwai ma wani dalilin daban da ba na zaiba ba, manyan kifayen murjani musamman barakuda da gurufa su ne ke ɗauke da gubar da ake kira siguwatera, wadda ke fitowa daga wasu ƙananan tsirran ruwa, dahuwa bata kashe ta, ita kuma nan take take kamawa cikin sa'o'i, amai da gudawa da jin sanyi kamar zafi a fata. Ba ita muke magana ba amma hanyarta ɗaya, babba mai cin ƙanana shi ke tarawa.

Jatan lande, kaguwa, kawa, sukwid, duk ƙasa suke sosai ta fuskar zaiba, kaguwa ce ma ta ɗan ɗaga zuwa kamar 0.07. Matsalarsu ta wani gefen ce, ruwan ƙazanta da cin su ɗanye, a dafa su sosai kawai.

Amma rashin zaiba shi kaɗai bai isa ya sa kifi ya zama na ɗaya ba. Dalilin da ya sa ake matsa wa mai ciki ta ci kifi shi ne man omega-3, musamman wanda ake kira DHA da ƙwaƙwalwa da idon jariri ke ginuwa da shi, ga aidin ga bitamin D ga furotin. Karfasa da jatan lande zaibarsu kaɗan ce amma man nasu ma kaɗan ne, wato basu cutar da kai ba amma basu baka komai da yawa ta wannan gefen ba. Sadin da danginsa, ancobi, herin, ƙaramin makarel da salmon su ne suka haɗa biyun, mai da yawa zaiba kaɗan. In sadin ɗin da ƙashinsa ka tauna ka samu kalsiyam a kyauta. Ni a wurina su ne gaba, ba tare da wani dogon tunani ba.

Akwai wasu bincike biyu da suka shahara da ya kamata ka sani, domin duk gardamar da masana ke yi daga nan take tasowa. Na farko a tsibiran Faro da ke arewacin Atilantika, an bi yara sama da dubu da aka haifa a 1986 da 1987, aka ga waɗanda iyayensu mata suka fi zaiba a jiki suna da ɗan rauni a harshe da natsuwa da riƙe abu a kai lokacin da suka kai shekara bakwai. Na biyu a Seshel, tsibiran da ke tekun Indiya, tsakiyar yankin zafi, inda mata ke cin kifi wajen sau goma sha biyu a sati, aka bi yara sama da ɗari bakwai tun daga 1989 har suka girma, kuma ba a ga irin wannan illar a tsaye ba duk da zaibar da ke gashin iyayen tana da yawa. Me ya raba su? Mutanen Faro zaibarsu daga naman wel take zuwa, dabbar teku mai shayarwa da ke tara zaiba mai yawa tare da wasu gubobin na masana'antu a kitsenta, kuma cinsa ake yi jefi-jefi amma da yawa. Na Seshel kifin teku ne iri-iri na yau da kullum, da mansa da sinadarin seleniyam da ke cikinsa. Wasu masana suna ganin seleniyam yana rage kaifin zaibar, wasu suna ganin amfanin man ne ya rufe illar. Abin da ni na ɗauka a nan shi ne cin kifi da yawa ba shi ne laifin ba, irin abin da ake ci shi ne. Amma kar wani ya riƙe Seshel ya ce to shikenan a ci shak kullum, ba abin da binciken ya nuna kenan ba.

In kana son ganin ƙarshen abin in ya yi muni sai ka dubi Minamata a Japan. Kamfanin sinadarai na Chisso ya yi ta zuba ruwan dattinsa mai metilmakuri a gaɓar tekun garin daga 1932 har 1968. Kyanwoyi aka fara gani suna tangaɗi suna faɗawa ruwa, sannan a 1956 aka kai rahoton cutar a jikin mutane, iyalan masunta galibi. Yatsu da leɓe su mutu, tafiya ta rikice, magana ta sarƙe, ji ya ragu, gani ya tsuke kamar mai leƙe ta cikin bututu. Abin da ya fi tayar da hankali shi ne matan da su kansu lafiyarsu ƙalau ko ciwon ya taɓa su kaɗan, suka haifi yara masu mummunar naƙasar ƙwaƙwalwa. Daga nan duniya ta gane jaririn ciki ya fi uwarsa shan wahalar abin, kuma an auna an ga jinin cibiya yakan fi jinin uwar yawan zaiba. Sunan garin aka sa wa yarjejeniyar duniya kan zaiba da aka sa wa hannu a 2013 ta fara aiki a 2017. Kifin kasuwa na yau bai kai ko kusa da na Minamata ba, kar a tsorata, illar da ake gudu yanzu ta ɓoye ce, ɗan ragi a kaifin ƙwaƙwalwar yaro da babu wanda zai taɓa alaƙantawa da abin da aka ci shekaru bakwai baya.

Wani zai ce to ai sai in wanke shi da kyau in soya ya soyu. Baya aiki. Metilmakuri a jikin furotin ɗin tsokar yake manne, ba a fata yake ba ba a kitse ba, don haka cire fata ko yanke kitse ko jiƙawa a lemun tsami ko gashi ko sa shi a firiza duk basa rage shi. Busarwa da ƙyafewa ma sai dai su ƙara yawansa a kowane giram, tunda ruwa ne ya fita zaibar tana nan. Busasshen ƙaramin kifi babu damuwa domin dama can ba shi da ita sosai, amma busasshen shak giram ɗari ya fi ɗanyensa giram ɗari nauyin guba. Kuma babu wari babu ɗanɗano, kifin da ya fi kowa sabunta da kyau zai iya zama shi ya fi ta.

Kar kuma ka ce ai hukuma ta duba ta bari a sayar. Dokar Turai ta sa 0.5 ga yawancin kifi amma ta sa 1.0 ga manyan mafarauta irin su shak da mai takobi da tuna, hukumar Codex mai tsara ma'aunin abinci na duniya ma a 2018 ta sa 1.2 ga tuna, 1.6 ga shak, 1.7 ga malin. Wato an ɗaga musu iyakar ne don in ba haka ba da yawansu ba zasu shiga kasuwa ba. Kifi zai iya cika doka tsaf kuma yanka ɗaya nasa ya wuce rabon mai ciki na sati.

Kifin kogi fa? Ka'idar ɗaya ce amma wurin da aka kamo shi ya fi tasiri. A kogin Tapajos na Barazil da yankin Madre de Dios na Peru, inda haƙar zinare ta yi ƙamari, an sha auna gashin mutanen ƙauyukan bakin ruwa a samu zaiba sama da kima, kuma kifaye masu cin nama su ne hanyar. Duk kogin da ake wanke zinare a samansa, da bakin tekun da yake zuba, kifin da ke cin ganye da laka ya fi mai cin 'yan uwansa aminci. Na kiwo a tafki kuwa galibi ƙasa yake, tunda baya daɗewa kuma abincinsa a hannu ake ba shi.

Saboda haka zaɓin ya danganta da waye zai ci. Mai ciki, mai shayarwa, wadda ke shirin ɗaukar ciki da yara ƙanana, shawarar Amurka ga matan ita ce giram 225 zuwa 340 a sati, wato ci biyu ko uku, yaran kuma ƙasa da haka gwargwadon shekarunsu, daga cikin masu ƙarancin zaiba, in kuma albako ne ko yalofin ko gurufa to sau ɗaya a satin kuma a tsaya nan, shak da mai takobi da malin da sarkin makarel da mai babban ido kuwa a bar su sam. Namiji baligi ko macen da ta daina haihuwa in sun ci mai takobi sau ɗaya a wata ba wani abu bane, wanda ya kamata ya yi hattara shi ne mai cin manyan kifayen nan sau uku sau huɗu kowane sati shekara da shekaru, irin masunta da masu motsa jiki da suka mayar da tuna abincin safe da dare.

Ita 'yar uwar tawa abin da ya fi damunta ashe ta riga ta ci wani babban kifi sau biyu kafin ta san tana da ciki. Na ce ta kwantar da hankalinta, iyakokin nan an gina su ne a kan abin da mutum ke ci a kai a kai, kuma an bar tazara mai faɗi a cikinsu. Jiki yana fitar da metilmakuri a hankali, rabin abin da ke jini yakan fita cikin kamar kwana hamsin, don haka wadda ta saba cin manyan kifi kuma tana son ɗaukar ciki gara ta sauya tun wata shida zuwa shekara kafin lokacin. Wanda kuma yake jin yatsunsa ko leɓensa suna mutuwa alhali ya san yana yawan cin irin waɗannan, ya je asibiti ya faɗa wa likita irin kifin da yake ci da yawansa, ana auna zaiba a jini ko a gashi, gashin ma tunda yana tsiro kamar santimita ɗaya a wata yana nuna abin da aka ci watanni da dama baya.